Katakon da ake tsoma lagwani da shi, me za mu kira shi?

Jama'a, ina neman shawararku kan wani kayan aiki da masu yin kyandir da hannu ke haɗa wa kansu a gida. Turawa na ce masa dipping frame. Bari in fara da aikinsa tukuna.

Sanduna biyu ne na katako, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an haɗa su da wasu biyu a tsaye, sai mariƙi a ka. Ana buga ƙananan ƙusoshi a jikin na sama da na ƙasa, a zagaya lagwani a kansu har ya ɗame. Tsakanin zare da zare a bar kamar santimita 5, in ba haka ba, da kyandirorin sun fara kauri sai su manne da juna.

Daga nan a nutsa shi cikin narkakken kaki, a ciro, a rataye ya sha iska, a sake nutsawa. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, ana tsomi a sama da haka kaɗan. In zafin ya yi yawa, sabon tsomi zai wanke na baya. Akan yi sau 20 zuwa 30, kuma gangarowar kakin ce ke sa gindi ya yi kauri, kai ya sirance. In sun yi kauri sai a yanke lagwanin daga sandar ƙasa, a kankare kakin da ya daskare a jikinta a mayar tukunya.

Wani ya ce mu ce firam kawai. Ban ƙi aro ba, kyandir ɗin ma aro ne, amma firam ta riga ta zama ta hoto da ƙofa da taga. Ka ce wa kafinta ya yi maka firam, ba wannan zai kawo ba.

Maratayi kuwa ta yi faɗi, ko ƙusar bango maratayi ce.

Maɗaurin lagwani ta fi kusa, domin babban amfanin katakon shi ne ya riƙe zaren a miƙe. Sai dai ta tsaya a shiri, ba ta kai ga aikin ba.

Ni dai matsomi na zaɓa, daga tsoma, kamar yadda buɗe ta ba mu mabuɗi, auna ta ba mu ma'auni. Jam'i matsomai. Ita kuma tukunya mai zurfin da kakin ke ciki ta zama matsoma, kamar marina da majema.

Wani malami ya yi mini gyara cewa matsomi na iya nufin mutumin da ke tsomawa. Gaskiya ne, na gode. A baki karin sauti ya raba su, a rubuce kuma sai mu cika mu ce matsomin kyandir, shi mutumin mu ce mai tsomi. Ku gwada a jimla: "Ɗauro lagwani a matsomin, kakin ya narke." Wanda ya ji ta yi masa nauyi a harshe ya faɗa.