Ƙaramar kyamara ko kyamarar aljihu: wanne za mu tsayar?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ɗaukar hoto na Jos da kewaye. Akwai kalmar da ke yi mana cikas duk lokacin da muka zauna koya wa ƙannenmu aiki, wato abin da Turawa ke kira compact camera. Mukan faɗe ta da Turanci mu wuce, yaro ya gyaɗa kai, amma ka tambaye shi me ya raba ta da sauran, sai ya ce ai ƙarama ce. Ina ganin lokaci ya yi da za mu raɗa mata suna, kuma ni kyamarar aljihu na zaɓa.

Ƙaramar kyamara ita ke fara zuwa bakin kowa, sai dai ba ta ware komai ba. Ta jikin waya ƙarama ce, wadda ake maƙalawa a ƙofar shago don tsaro ita ma ƙarama ce. Abin da ya keɓe wadda muke magana a kai shi ne gilashinta a haɗe yake da jikinta, ba a cire shi a sa wani, kuma da hannu ɗaya ake sarrafa ta. Sannan kalmar ƙarama tana ja mata raini, mai ji zai ɗauka hoton ma ƙarami ne. Alhali Ricoh GR III da ta fito a 2019, nauyinta giram 257 har da batir, sensar da ke kama haske a cikinta irin APS-C ce, kusan girma ɗaya da ta manyan kyamarorin da da yawanmu ke zuwa biki da su.

Wani ya kawo tafi-da-gidanka. Wannan tuni wayar hannu da kwamfuta suka riga mu. Wani malaminmu kuma ya ce dunƙulalliya, kuma gaskiya ta fi kowace kama ma'anar Turancin, tunda komai nata a dunƙule yake wuri ɗaya. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma tana da nauyi a harshe, ban ga mai cewa “miƙo min dunƙulalliyata” a tsakiyar kasuwar Terminus ba.

Ƙalubalen da ya fi ƙarfi daga wani yayanmu mai shagon hoto ya zo. Ya ce Fujifilm X100V, wadda ta fito a 2020, nauyinta giram 478, ba ta shiga aljihun wando, to yaya za a kira ta ta aljihu? Yaya, maganarka dutse, amma aljihunmu ba na wando kaɗai ba ne. Aljihun gefe na kaftani yana ɗaukar ta, haka aljihun rigar sanyin da duk ɗan Jos ke sawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuma abin da nake so sunan ya nuna shi ne yadda ake tafiya da ita: ba jaka a kafaɗa, ba dogon gilashi yana reto a ƙirji, tana jikinka ko da cefane ka fito yi.

A nan ne ma amfaninta yake. Ka shiga Farin Gada da sassafe ana sauke kwandunan tumatir, hazo bai gama washewa ba, ɗan dako ya sunkuya ana ɗora masa kaya, ga tururin tukunyar mai shayi a bayansa. Ɗaga babbar kyamara ka gani: take kowa zai gyara tsayuwa, wani ya kau da kai, wani ya tambaye ka daga wace jarida kake. Ba laifinsu ba ne, garin nan ya ga abin da ya gani, dole mutane su so sanin inda hotonsu zai je. Ita kuwa ta aljihu, kana cikin gaisawa za ka fito da ita, ba ta rufe maka fuska ba, mutumin yana ganin idonka. Ba yau aka gano haka ba. Leica ta farko da Oskar Barnack ya ƙera, wadda ta shiga kasuwa a 1925, gilashinta a haɗe yake kuma ana tura shi ciki ta shiga aljihun kwat. Da Leica ne Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi suna a wannan fanni na ɗaukar mutane suna cikin harkokinsu, wato street photography, shi kuma Daido Moriyama na Japan an san shi da ƙananan Ricoh.

Akwai wanda ya ce to mu kira ta kyamarar sirri. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Suna yana koya wa yaro hali, in ka ce masa sirri, satar hoto zai je yi. Mu sallama muke yi, mu nuna wa mutum abin da muka ɗauka, in ya ce a goge a goge a gabansa. Matan mutane ba a ɗaukarsu sai da izini, shingen jami'an tsaro kuwa ko fito da ita ba a yi.

Ga masu shirin saye, kada ku fara da tambayar megafiksel, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoton, ku fara da faɗin abin da gilashin ke gani, don da shi za ku zauna. Da milimita ake auna shi, ƙaramar lamba ta fi faɗi. GR III tana gani daidai da milimita 28, mai faɗi, ta dace da lungunan Katako inda babu wurin ja da baya, amma sai ka matso sosai, in ba haka ba mutumin ya ɓace a cikin tarkace. GR IIIx ta 2021 milimita 40 ce, ta fi sauƙi ga mai kunyar matsowa. X100V tana tsakani, 35, kuma tana da tagar leƙawa, abin da GR ba ta da shi. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, don da ranar tsaka allon baya da ƙyar ake ganin komai a kansa.

Sabo da ita sai a hankali. Wanda ya saba da zum, wato gilashin da ake murɗawa ya jawo abu kusa, hannunsa zai yi ta neman abin murɗawa, babu, sai dai ƙafa ta yi aikin. Abin da na ga ya fi taimakawa shi ne ka tsayar da nisan da hoto zai fito tangaran a mita 2 ko 2.5, ka sa buɗewar gilashi a f/8, ka koyi kimanta tazarar da ido. Kana latsawa ta ɗauka, ba jiran ta nemo mutum. Batirin GR III hoto 200 ko kusa da haka yake yi, saboda haka na biyu dole ne. Sai gargaɗi ɗaya da sunan da na kawo ya wajabta min: kada a jefa ta aljihu tsirara. Gilashin GR yana fita yana komawa, ƙurar hunturu da zaren tufa suna iya bi su zauna a kan sensa, kuma ba a buɗe ta a goge a gida. A samo mata 'yar jaka mai laushi, sannan a sa a aljihun.

Saboda haka ga abin da nake roƙo mu riƙa rubutawa: kyamarar aljihu, jam'i kyamarorin aljihu, a hira kuma 'yar aljihu ta wadatar. Saura street photography, wadda hoton titi bai gamsar da ni a kanta ba, don mai ji zai zaci kwalta da gada ake ɗauka. Ni hoton hada-hada nake ji a raina, amma iyayenmu da suka riga mu riƙe kyamara, ku fara faɗin naku tukuna.