Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya: abin da aka tattauna a fadarmu

Daren Asabar a fadarmu, wato majalisarmu ta hira da ke Birni, nan Damagaram, ana shan shayi wani ƙane ɗalibin jami'a ya kawo kwamfutarsa, yana son Ubuntu, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ba tare da ya rabu da Windows ba. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda a fara kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifai. Windows ake sa wa da farko, don in ta zo daga baya takan danne GRUB, allon da ke tambayarka wanne za ka shiga. Daga cikin Windows ɗin ake rage mata wuri a faifan kwamfutar, don Ubuntu ta samu nata. Ubuntu na buƙatar aƙalla giga 25, amma wani yayanmu mai gyara ya ce a ba ta 60. A kashe Fast Startup, tsarin da ke sa Windows saurin kunnuwa, a rubuta lambar buɗe BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai, a takarda.

Maganar wuta muka fi daɗewa a kai. In ta ɗauke ana tsakiyar raba faifai, komai na iya salwanta, saboda haka a cika batir tukuna.

In agogon Windows ya koma baya da awa 1, kada a tsorata: Ubuntu da lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, take lissafi, Nijar kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya.