Rabon gado a tsohuwar Legas: ɗaki-ɗaki ko kai-kai?

Ɗan Agege: Jama'a, ga magana, wanda bai yarda ba ya kawo hujjarsa. Ni a ganina rabon da Yarbawan tsibirin Legas ke kira idi-igi shi ya fi riƙe gidan mai mata da yawa. Idi-igi na nufin gindin bishiya: kowace mace da 'ya'yanta gindi ɗaya ne, sai a raba dukiya ɗaki-ɗaki. Ɗaya hanyar ita ce ori-ojori, wato kai bai fi kai ba, kowane ɗa da kasonsa. A shari'ar Dawodu da Danmole, mamacin ya bar ɗakuna 4 da 'ya'ya 9. Alƙalin farko ya ce a raba gida 9, amma Kotun Ƙoli ta Tarayya a 1958 ta ce gida 4, kotun Privy Council da ke Landan, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, kuma ta tabbatar da haka a 1962.

Maman Sadik: Yaya, ka yi lissafin kuwa? Ɗakin da ke da ɗa guda, yaron ya kwashe kashi ɗaya cikin 4 shi kaɗai. Ɗakin da ke da biyar, kowannensu ɗaya cikin 20. Ubansu ɗaya fa! Wane laifi suka yi, don uwarsu ta haihu da yawa?

Ɗan Agege: Ƙanwata, duba ta ɗaya gefen. Inda ake rabo kai-kai, kishiyoyi kan shiga gasar haihuwa, mai ɗa ɗaya ta zauna cikin fargabar ranar da za a danne ɗanta. Idi-igi ya ba kowane ɗaki murya daidai da na kusa da shi.

Lauya: Ku bari in ƙara abin da kuka tsallake. Kotun ba ta soke ori-ojori ba. Ta ɗauke shi a matsayin hanyar da ta zo daga baya, kuma idan an sami saɓani, shugaban dangi ne ke da ikon zaɓarta. Sannan a tsohuwar Legas ba a cika yanka gidan gado ba. Tun shari'ar Lewis da Bankole, kan gidajen Cif Mabinuori, aka tabbatar cewa babban ɗa namiji, wanda ake kira Dawodu, shi ke riƙon gidan a madadin kowa, kuma 'ya'ya mata suna da haƙƙi a ciki. Abin da aka fi rabawa kuɗin haya ne, shi ya sa rigimar ke dawowa duk ƙarshen shekara.

Malam Babba: Madalla da bayanin Lauya. Amma ɗana na Agege, ka ce tsarin yana kare mace. Da sunanta ake ƙirga ɗaki, ita kuwa ba ta gadon mijinta a wannan al'ada. Wadda ba ta haihu ba ma babu gindin da za a ƙirga mata. A Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, matan mamaci suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin 8, idan akwai 'ya'ya, ko ta haihu ko ba ta haihu ba, kuma ba a tambayar ɗa daga wane ɗaki ya fito.

Ɗan Agege: Allah ya gafarta Malam, ban ja da mirasi ba. Tsakanin al'adun nan biyu nake magana. Amma batun wadda ba ta haihu ba, na karɓa, ban hango shi ba.

Maman Sadik: To ni a kansa nake. Gwaggona ta yi shekara 30 a gidan miji a Legas, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ya rasu aka ƙirga ɗakuna aka tsallake nata, ita da ta yi jinyarsa har ƙarshe. Yanzu tana wurinmu. Lauya, idan mamacin Musulmi ne kuma bai bar wasiyya ba, tana da hanyar neman tumuninta a can?

Lauya: Hajiya, ki fara nemo mini shaidar ɗaurin auren da takardun gidan. Daga nan za mu san ƙofar da za a bi.