Masu hoto dan Allah ku agaza min, gadar Lekki-Ikoyi ta ƙi fitowa da daddare

Ɗan Fagge a Ikko:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai sabon shiga ne a harkar hoto, wata biyu kenan da na sayi wata Canon 600D ta hannu da ɗan lensinta 18-55 da take zuwa da shi. Da rana ba laifi alhamdulillah, har yaran shagonmu sun fara ce min mai hoto. To amma dare ya gagare ni wallahi.

Gadar nan ta Lekki zuwa Ikoyi mai dogon ginshiƙi da igiyoyi, ita nake ta bi. Kullum in na taso daga aiki sai na gan ta da fitilunta ga hasken ya kwanta a kan ruwa, a ido kam masha Allah, amma sau uku ina zuwa wajen ƙarfe tara na dare kuma duk abin da na ɗauko shara ne, sama baƙi ƙirin, fitilun sun zama wasu fararen dunƙule-dunƙule, igiyoyin ma ba a ganinsu, in ka zuƙo hoton kuma sai ka ga kamar an watsa masa yashi. Na kunna filasha ba abin da ya canza sai ƙarfen da ke gabana ne ya yi fari fat. A oto nake ɗauka. Abin haushin ma wani abokina da wayarsa kawai ya ɗauka kuma nasa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, yana ta min dariya wai na zubar da kuɗina. Shin kyamarar ce ta tsufa ko ni ne?

Baba Mai Nagatif:

Wa alaikumus salam. Yaro kai ne, ba kyamara ba, kuma kar ka ji haushi duk haka muka fara. Wannan 600D ɗin tun 2011 ta fito amma megafiksel 18 gare ta, ta ishe ka ka wanke hoton gadar nan babba ka rataye a falo.

Babban kuskurenka lokaci ne. Ƙarfe tara ai dare ya riga ya gama rufewa, sama ba sauran launi, to kyamara ba kamar ido ba ce, ba ta iya haɗa haske mai ƙarfi sosai da duhu mai ƙarfi sosai a hoto ɗaya, in ta gyara fitilu sai sauran ya zama gawayi, in ta gyara duhun sai fitilun su ƙone. Yawancin hotunan da kake gani kana cewa na dare ne ba cikin dare aka ɗauke su ba, da almuru ne, bayan rana ta faɗi kamar da minti 15 zuwa 20, lokacin an kunna fitilu amma sama tana nan shuɗiya ba ta mutu ba. A nan ne hasken sama da na gada suke zuwa kusan kai ɗaya, igiyoyin nan da kake nema su fito ɗaya bayan ɗaya. Kuma Legas kusa take da tsakiyar duniya, almurunta gajere ne, ba kamar Turai ba da ake daɗewa ana jan magariba, in ka samu minti goma sha biyar masu kyau ka gode Allah. Rana a Legas tana faɗuwa tsakanin wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintuna, ya danganta da wata.

Na san za ka ce ai lokacin sallah ne. Eh. Ni yadda nake yi, tun biyar da rabi ina wurin da alwalata, na zaɓi inda zan tsaya na kafa komai na saita, ana kiran magariba na shimfiɗa dardumata a gefe na yi, kafin na sallame hasken da nake jira ya iso. Ba wanda ya hana wani.

Sai maganar oto. Ka bar shi. Abin da take yi maka shi ne ta ga duhu sai ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, zuwa su 3200, yashin da kake gani kenan, sannan ta bar shata, labulen da yake buɗewa haske ya shiga, a buɗe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na sakan, hannun ɗan Adam kuwa ba ya iya tsayawa cak na tsawon haka ko da ka riƙe numfashi. Ka murɗa ta zuwa M, inda kai ne za ka saita komai da hannunka, ISO 100, ƙofar haske f/8, shata ka fara da sakan 4 ka duba, duhu na ƙaruwa kana ƙara wa, 8, 15, har 30 wanda shi ne iyakarta sai dai ka shiga Bulb, inda shata take zama a buɗe muddin kana danne da maɓalli. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai da tirayifod, mai ƙafa uku ɗin nan. Ko na hannu ne ka nema, amma kar ka sayi shafal-shafal ɗin nan da iskar bakin ruwa za ta riƙa kaɗawa.

Filasha kuma ka rufe ta ka manta da ita. 'Yar ƙaramar nan ta kan kyamara iyakarta 'yan mitoci, gadar kuma tsawonta kilomita 1.36 ne, ginshiƙin kaɗai ya kusa mita 90. Kamar ka kunna ashana ne ka ce za ka haska filin Idi.

Sarkin Waya:

Hhh Baba kun cika son wahala wlh. Shi fa da bakinsa ya ce wayar abokinsa ta fi. Ni shawarata ka sayar da ita ka ƙara kuɗi ka sayi waya mai kyau, ka danna yanayin dare, sakan uku an gama ka ɗora a Instagram. Wa zai tsaya ɗaukar ƙafa uku a cikin danfo yana ta rigima da kwandasta.

Baba Mai Nagatif:

Sarkin Waya ba ƙarya ka yi ba gaba ɗaya. Wayar hotuna da yawa take ɗauka a jere cikin 'yan sakanni sai ta haɗe su ta goge yashin da kanta, shi ya sa a fuskar waya yake ɗaukar ido. Amma ka buɗe shi a kwamfuta ka zuƙo ka ga yadda igiyoyin suke narkewa kamar an shafa musu man shanu. Kuma ruwan nan da yake kwanciya sumul kamar madubi, da jan layin da fitilun motoci suke ja a kan gada, wannan aikin shata ne da aka bari a buɗe sakan 15 ko 20. Yaron koyo ya ce yana so, ka bar shi ya koya.

Maman Hanan Studio:

Sannunku. Baba ya gama magana sai dai na ɗan ƙara abin da ni ya taɓa ci na, don ni bikin aure nake ɗauka amma amare yanzu kowa so take a kai ta bakin ruwa gada ta fito a bayanta.

Ƙanina ko ka samu tirayifod ɗin, yatsanka da zai danna maɓalli ya isa ya girgiza hoton, ka sa taima na sakan 2 ka danna ka cire hannunka. A jikin lensin akwai ɗan makunni na hana girgiza, in dai kyamara tana kan ƙafa uku ka kashe shi. Na kusa da shi kuma mai AF da MF ka mayar MF, wato kai za ka saita fokos da hannu ba kyamara ba, domin a duhu fokos yana ta kai da komo ne yana nema bai samu ba, sai ka kunna allon baya ka zuƙo sau 10 a kan wata fitila ta jikin ginshiƙin ka murɗa zoben fokos a hankali har fitilar ta zama ɗan ɗigo ƙarami, shikenan kar ka sake taɓa zum ɗin lensin, in ka taɓa sai ka sake daga farko.

Kar ka kafa a kan gadar kanta kana son doguwar shata, duk motar da ta wuce ƙasa na ɗan motsawa ko ba ka ji ba kyamara ta ji, ga masu gudun motsa jiki da yamma cike take da su, ai har mai Facebook Mark Zuckerberg sai da ya yi gudu a kanta da ya zo a 2016. Haka ma irin dandamalin nan na jiragen ruwa da yake shawagi, shi ma rawa yake. Ƙasa mai ƙwari za ka nema a gaɓa. In kana ɓangaren Lekki kana kallon Ikoyi kusan yamma kake fuskanta, to sauran jan shafaƙi zai zauna maka a bayan gadar, ni na fi son wannan. Sai dai fa yawancin bakin ruwan wajen na mutane ne, gidaje da wuraren cin abinci, ka yi sallama ka nemi izini wajen masu gadi tun da sauran rana, da yawansu ma 'yan uwa ne in ka gaisa da Hausa magana ta ƙare. Kuma kar ka je kai kaɗai da kaya a hannu, ka ja abokin nan naka mai dariya ya riƙe maka jaka.

Abin da ya taɓa kunyata ni, na fito daga mota mai sanyin AC na ciro kyamara, nan take lensi ya yi gumi saboda laimar Legas, duk hotunan suka fito kamar a cikin hazo ga amarya tsaye tana jira ga haske na tafiya, na goge ya dawo na goge ya dawo, sai da muka yi kusan minti goma. Tun daga ranar nake barin jakar ta sha iskar waje tukuna.

A inda na ɗan saɓa da Baba, ni f/11 nake sawa a gadar nan, wani lokacin har f/16, don fitilun su fito da tsinke-tsinke kamar taurari. Ka dai sani daga f/8 zuwa f/11 rabin hasken ne ya rage, in da sakan 5 kake sai ka koma 10. Kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba, domin fitilun wajen ba launinsu ɗaya ba, wasu fari wasu ruwan ɗorawa, in a RAW ne sai ka daidaita launin a gida hankali kwance.

Baba Mai Nagatif:

Hajiya f/11 na yarda, f/16 ma a daure, amma kar ya ga haka ya zarce f/22, a nan kaifin hoton raguwa yake kuma duk ƙurar da ke cikin kyamarar hannu sai ta fito ɗigo-ɗigo a sama.

Ɗan Fagge a Ikko:

Jama'a na dawo da labari. Jiya Asabar na aro tirayifod wajen wani mai ɗaukar bidiyo a unguwarmu, na isa tun shida saura, mai gadin wajen ashe ɗan Haɗeja ne har kujera ya ba ni kuma tare muka yi magariba. Baba wallahi kamar kana wurin, ina sallamewa na ɗaga kai na ga sama ta yi wani shuɗi, na danna a f/11 sakan 8, da hoton ya fito a allo sai da na ce Allahu Akbar da ƙarfi, igiyoyin nan ras ana ƙirga su, ruwa ya kwanta luf. Wani jirgin ruwa ya ratsa ana cikin ɗauka na ce shikenan ya ɓata min, ashe wani siririn layin haske ya ja a ƙarƙashin gadar, shi ne ma ya fi kyau a cikinsu. Guda 23 na ɗauka, shida ne na kirki, sauran ko dai na makara sama ta yi baƙi ko na bugi ƙafar tirayifod ɗin ina korar sauro, ba wanda ya gaya min maganar sauron wajen nan fa.

Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai Anti, duk hoton da na ɗauka na sakan 20 sai kyamarar ta tsaya wani sakan 20 ɗin tana rubuta BUSY ba ta barin na ɗauki wani, haka na yi ta kallon shuɗin yana tafiya. Lalacewa ce?

Maman Hanan Studio:

Ba lalacewa ba ce, mai ita na da ne ya bar saitin rage yashi na doguwar shata a kunne, hoto na biyu take ɗauka a rufe mai tsawo ɗaya da na farko don ta cire ɗigon da zafi ke jawowa. Yana cikin menu, wajen da aka rubuta Custom Functions, ka kashe shi in da almuru za ka ɗauka tunda lokacin ba ya jira. Ka turo mana na jirgin ruwan mu gani, kuma ka duba ko ruwan bai karkace ba, sababbin shiga kusan duk sai sun karkatar da shi.