Kwas ɗin kwaleji tun a sakandare, su Harvard suna lissafa shi kuwa?

Uwar Biyu, Houston:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata tana aji 11, makarantarsu ta ba ta zaɓi, ko ta ɗauki AP, wato darussan matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare a yi jarrabawa a ƙarshe, ko ta riƙa zuwa kwalejin garin nan tana kwas ana tara mata kiredit, wato lissafin kwas ɗin da ake buƙata don kammala digiri, tun yanzu. Ita idonta na kan su Harvard da MIT, ni kuma gaskiya lissafin kuɗi nake, in ta tara za su rage mata shekara ne ko wahalar banza za ta sha? Yarinya har ɗayan dare tana kan littafi.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Samun gurbi daban, kiredit daban, nan ne iyaye ke rikicewa. Wajen ɗauka yana taimakawa sosai, don suna duba ko yaro ya ɗauki darussa masu tsauri da makarantarsu ke da su ko lallaɓawa ya yi. Amma rage shekara kam ki cire rai, Harvard ba ta ba da kiredit kan AP, Dartmouth ma ta daina tun kan waɗanda suka shiga a 2014, sai dai a tsallakar da ita zuwa kwas na gaba a fannin. MIT tana bayarwa a wasu, kamar Calculus BC, jarrabawar AP ta lissafi, in ta ci 5, wato maki mafi girma. Ni AP zan ce, jarrabawa ɗaya ce kowa ke rubutawa a watan Mayu, sun san darajar 5, kwalejin gari kuwa kowacce da nata ma'aunin.

Baban Yara:
Malam ka faɗi gaskiya amma kar a raina kwalejin. Ɗana ya yi, ya shiga jami'ar jiha a nan Texas aka karɓi yawancin kiredit ɗinsa, kuɗin da ya rage mana ba kaɗan ba ne wallahi. Kuma mutum nawa Harvard ke ɗauka? Ko 5 cikin 100 ba su kai ba. Sai dai Hajiya a kula, makin kwalejin nan yana bin yaro, in ta faɗi yana nan a takardarta.

Uwar Biyu, Houston:
Na gode, Allah ya saka. To in ta gama AP ɗin lissafin makarantarsu a bana fa, baɗi ta zauna haka?

Malamin Lissafi:
A'a, nan ne kwalejin ke da rana, ta je can ta ɗauki na gaba da shi. Amma Hajiya a bar ta ta riƙa barci.