Neman shawara: yaya ake ɗaure janareta mai tan 7 a kwantena?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tsohon janareta mai nauyin tan 7 da zan tura wa abokin cinikina a Duwala, ƙasar Kamaru, ta tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas. Mai lodin da na samu ya ce a cusa shi a kwantena mai ƙafa 20, a cika gefe da tsofaffin tayoyi, a ja bel biyu, shi ke nan. Wai haka yake yi wa masu tirela zuwa Kano. Hankalina bai kwanta ba. Masu sanin harkar, a taimaka.

Mai aikin ɗaure kaya a tashar jiragen ruwa ta Tin Can, Legas:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Kar ka yarda. Hanyar Kano daban, teku daban. Tirela birki take takawa, jirgi kuwa kwanciya yake yi dama da hagu dare da rana, kuma duk kwanciya ɗaya injin na neman gusawa. Taya tana lotsawa ta dawo, to da kaɗan-kaɗan bel ke saki. Leƙa cikin kwantenar ka ga zobban ɗaure kaya da ke ƙasa ta gefe. A ƙa'ida kowanne kusan tan 1 yake riƙewa, na sama ma rabin haka. Ka ga bel biyu ba su riƙe tan 7 ba ke nan. Katako mai kauri shi ne babban maganin. A shimfiɗa shi a ƙarƙashi ta tsawon kwantenar don nauyin ya bazu, kar ƙafar injin ta huda daɓen. A ajiye injin a tsakiya, a tokare shi gaba da baya da gefe biyu har ba inda zai motsa, sannan a ɗaure ta kusurwa huɗu a jikin firam ɗinsa na ƙasa. Kar a jingina tokarin da ƙofa. Wanda zai buɗe a Duwala shi ma yana da iyali.

Wani ejan a Apapa:
Gaskiya ya faɗa. Ƙari a kai, tun Yulin 2016 ba a ɗora kwantena a jirgi sai da takardar tabbatar da nauyi, saboda haka a auna, kar a yi kirdado. Katakon ma a nemi wanda aka gasa don kashe ƙwari, mai hatimi, don wasu ƙasashen kan tsare kaya a kan wannan. Ka ɗauki hotuna kafin a rufe, ranar neman inshora za ka gode min.

Direban tirela daga Agege:
Alhaji, ko mu ba ma son lodin da aka tokare da taya. Kwantenar da nauyinta ya karkata gefe ɗaya ita ke kifewa a gadar Ojuelegba ta Legas.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. In bai shiga ta ƙofa ba fa? Tsayinsa na ba ni tsoro.

Mai aikin ɗaure kaya a Tin Can:
Sai ka nemi kwantena mara rufi da gefe, a ɗora da kiren, a ja sarƙa. Ta fi tsada, amma maɗaurinta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ko wacce ka zaɓa, a tsiyaye man dizal ɗin tas, a cire wayar batir. Turo min awon injin tukuna.