Tsoron korona ya hana ni barci, ko raunin imani ne? (Tattaunawa a lokacin kullen korona a Kano, watan azumin 2020)

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Tun da aka tabbatar da korona a Kano ranar 11 ga Afrilu ban ƙara samun barcin kirki ba. Kullum sai na jira alƙaluman masu korona da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke fitarwa da daddare, sannan in koma bin labarin rasuwar dattawa da ake ta yi a gari. Yaro ya yi tari, sai gabana ya faɗi, hannuna ya kama rawa. Abokiyar zamana kuwa, gidanmu ɗaya, maigidanmu ɗaya da shagonsa ke rufe a Kwari, amma hankalinta kwance, har ɗinkin takunkumi ta fara. Me ya bambanta mu? Imanina ne ya yi rauni? Ku taimaka min da shawara.

Anti Nas:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Aikin jinya nake yi, mu ma da fargaba muke shiga asibiti. Kada ki ɗauka abokiyar zamanki ba ta tsoro, ta dai samo inda za ta kai nata ne. Mai yanka ƙyalle da ɗaura roba tana da abin yi daga safe zuwa la'asar, ta kuma ga amfaninsa da idonta. Ke naki tsoron kina kai shi wurin waya, can kuwa ba abin da za ki iya gyarawa, sai zuciya ta yi ta bugawa a banza. Ki raba abin biyu. Wanke hannu da sabulu, rage shige da fice, kula da tsofaffin gida, waɗannan suna hannunki. Adadin da za a sanar gobe ba ya hannunki. Ki duba labari sau ɗaya da rana, bayan isha'i ki ajiye wayar a wani ɗaki.

Malam Baffa:
Baiwar Allah, tsoron annoba ba ya kore tawakkali. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da mutanensa, da aka yi masa magana ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki kuma bi matakan likitoci.

Baban Ummi:
Hajiya ki manta da zancen kawai, ni ko rediyo na daina kunnawa.

Anti Nas:
A'a Baban Ummi, toshe kunne gaba ɗaya ma matsala ce, irinsa ne ke sa mutum ya je ta'aziyya ya yi ta musabaha da jama'a. Maman Sadik, wasu dama an halicce su da saurin damuwa, ba laifinki ba ne, kuma ana koyon sarrafa ta. Amma in rashin barcin ya ci gaba, ko sahur ma kin kasa ci, ki nemi likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano.

Inna Hajara:
'Yata, ki daina kwana da shi ke kaɗai. Ki faɗa wa maigidan, ki kira mahaifiyarki kullum. Gobe bayan azahar ki shiga ɗakin abokiyar zaman taki ki ce ta ba ki almakashi ki taya ta yanka.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti Nas, ana ganin likita a kwanakin kullen nan, ko sai an buɗe gari?